Haƙoran roba: Dauɗar da dattawa ke kwana da ita a baki

A Bande, kan hanyar Damagaram zuwa Magarya, dattijon da ya sa haƙoran roba yakan ɗauka ya rabu da ciwon baki ke nan, tunda roba ba ta ruɓewa. Sai dai abin da ke manne wa robar na iya kai shi asibiti.

Duk lokacin da mutum ya ci tuwo, ya sha fura ko ya tauna goro, wata farar dauɗa mai yauƙi takan kwanta a jikin haƙoran, musamman ta cikin da ke manne da ganɗa. Tarin ƙwayoyin cuta ne. Idan ta kwana biyu sai ta daskare ta yi tauri, buroshi ya kasa fitar da ita.

A ƙarƙashinta ne ƙwayar kandida ke hayayyafa. Ganɗa ta yi ja, baki ya yi wari, gefen leɓe ya tsage. Sau da yawa babu zafi, shi ya sa ake sakaci. Mai sauran haƙoransa na asali kuma, dauɗar kan kumbura masa dasashi ta ruɓar da su.

Matsalar ba ta tsaya a baki ba. Wani bincike da aka wallafa a 2015 kan tsofaffi 524 a Japan ya gano cewa masu barci da haƙoran a baki sun ninka masu cirewa haɗarin kamuwa da ciwon huhu, domin ƙwayoyin na iya gangarawa huhu tare da yawu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 23 cikin 100 na masu shekara 60 zuwa sama sun rasa dukkan haƙoransu.

Rigakafin bai fi ƙarfin talaka ba. A ɗauraye haƙoran bayan cin abinci, a wanke su kullum da buroshi mai laushi da sabulu. Ban da toka ko gawayi, domin suna karce robar, dauɗa ta samu maɓoya. Ban da tafasasshen ruwa, yana lanƙwasa ta. Da dare a cire, a jiƙa a ruwa mai tsabta.

Wasu dattawan na jin nauyin cire haƙora a gaban iyali. Ƙaramin kwano mai murfi a gefen shimfiɗa ya wadatar. Idan kuwa jan ko gyambo ya wuce mako biyu, a tafi asibiti.