Tsohon Rubutun Kwamfuta Da Ke Ɗauke Da Sabbin Manhajojin Waya

Manhajar banki da ke cikin wayar hannu tana iya sauya fasali duk wata, amma a manyan bankunan duniya da dama, kwamfutar da ke lissafin kuɗin tana aiki ne da COBOL, harshen kwamfuta da aka ƙirƙira tun 1959. Irin wannan rubutun da aka gada shi ne ciwon kan masu haɗa manhaja: yana aiki, waɗanda suka rubuta shi sun yi ritaya, kowa kuma na tsoron taɓa shi.

A watan Afrilun 2020, lokacin annobar korona, masu neman tallafin rashin aikin yi sun yi wa tsohon tsarin jihar New Jersey ta Amurka yawa. Sai da gwamna Phil Murphy ya fito yana neman waɗanda suka iya COBOL su kawo ɗauki.

To me ya hana a zubar da tsohon a rubuta sabo? Bankin TSB na Birtaniya ya ɗanɗana kuɗarsa. A Afrilun 2018 ya kwashe bayanan abokan hulɗarsa daga tsarin bankin Lloyds zuwa wani sabo a ƙarshen mako guda. Mutane da yawa suka kasa shiga asusunsu, wasu ma suka riƙa ganin bayanan da ba nasu ba. Shugaban bankin, Paul Pester, ya sauka a watan Satumba, sannan a 2022 hukumomi suka ci bankin tarar sama da fam miliyan 48.

Haɗarin yana nan ne: tsohon rubutu cike yake da gyare-gyaren shekaru da ba a rubuta dalilinsu a ko'ina ba. Layin da sabon ma'aikaci zai ɗauka shirme ne, wataƙila shi ke hana a cire wa mutum kuɗi sau biyu.

Shi ya sa ƙwararru ke bi a hankali. Da farko suna rubuta gwaje-gwajen da ke tabbatar da yadda tsarin ke aiki a yau, don duk gyaran da ya ɓata wani abu ya fallasa nan take. Bayan haka sai su riƙa cire sashe ɗaya suna maye gurbinsa, tsoho da sabo na aiki tare. Martin Fowler ya kwatanta dabarar da wani nau'in ɓaure da ke nannaɗe bishiya har ya gaje wurinta.

Akwai kuma wa'adi a gaba. Tsarukan da ke ajiye lokaci a ma'aunin bit 32 irin na Unix za su cika ƙidayarsu ranar 19 ga Janairun 2038, sai agogonsu ya koma 1901. Matashin da ke koyon haɗa manhaja a yau, idan ya iya karanta rubutun wasu da haƙuri, ba zai rasa mai nemansa ba.