Bashi, Rashin Aiki Da Ciwon Damuwa: Abin Da Ya Kamata Maigida Ya Sani



Ya ɗan'uwa, yau za mu taɓo ciwon da mutane ke jin nauyin ambatonsa, wato damuwar da ke kai mutum ga kashe kansa. Allah Ya tsare mu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum 700,000 ne ke kashe kansu kowace shekara, kuma mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suke. Halin tattalin arziki na da hannu a ciki. Misali a ƙasar Girka, lokacin da arzikinta ya karye har rashin aikin yi ya kai kashi 27 cikin 100 a 2013, adadin masu kashe kansu ya ƙaru, musamman maza masu shekarun aiki.

Ta yaya hakan ke faruwa? Mai bin bashi na sallama a ƙofa, kuɗin haya ya zo, ga cefane. Barci ya ƙaurace, kunya ta hana mutum fita cikin jama'a. Da ya keɓe kansa, sai ya fara ganin kamar ya zame wa iyalinsa kaya. Wannan ciwo ne da ke da magani, kada ka yi saurin cewa raunin imani ne. Ai Manzon Allah (SAW) da kansa ya kasance yana neman tsari daga damuwa da baƙin ciki da nauyin bashi.

Alamomin da za ka lura da su a gidanka ko maƙwabta:

1. Rashin barci ko rashin cin abinci har sama da mako biyu.
2. Daina zuwa masallaci, majalisa ko wurin sana'a.
3. Yawan cewa gara mutuwa, ko ya gaji da duniya.
4. Raba kayansa da neman yafiya ba tare da wani dalili ba.

Me za ka yi?

Ka zauna da shi, ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa. Tambayar ba ta cusa masa tunanin, sauƙi ma take kawowa. Ka saurara, ban da faɗa, ban da gori.

Ka kulle maganin ƙwari da na feshin gona. A Siri Lanka, hana sayar da mafi dafin irin waɗannan magunguna ya rage kisan kai ƙwarai, domin sau da yawa tunanin na ɗan lokaci ne.

Ka rage masa nauyi. In kai ke binsa, ɗaga masa ƙafa. Kuma ka tuna wanda bashi ya yi wa katutu yana cikin masu haƙƙin karɓar zakka.

A dama masa talbina ta garin sha'ir, wadda Nana A'isha (RA) ke umarni a yi wa mai baƙin ciki. A riƙe addu'a da azkar, sannan a haɗa da ganin likita. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Dawanau ta Kano, Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato da Maiduguri. In ya ce ya riga ya shirya, kada a bar shi shi kaɗai, a tafi asibiti yanzu.

Allah Ya yaye mana ƙunci, Ya biya wa masu bashi. A tura wa 'yan'uwa.