Ko Kun Sani? Tashar Lome da Ke Ciyar da Ƙasashen Tudu

Gaɓar tekun Togo ba ta kai kilomita 60 ba, amma a wannan ɗan bakin ruwa ne ɗaya daga cikin manyan tashoshin jiragen ruwa na Afirka ta Yamma take. Sirrin tashar Lome zurfinta ne, wanda ya haura mita 16. Manyan jiragen kwantena kan sauke kaya a nan, sannan ƙanana su kwashe su rarraba wa tashoshin maƙwabta.

Burkina Faso, Mali da Nijar, waɗanda ba su da teku, sun daɗe suna shigo da kaya ta nan. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, da aka rufe iyakarta da Benin, 'yan kasuwar Yamai da dama suka bar tashar Kwatano ta Benin suka koma Lome. Hanyar ta ratsa Burkina Faso. Ga nisa, ga matsalar tsaro, har sai sojoji sun yi wa ayarin manyan motoci rakiya. Kuɗin dako kuwa, mai saye a kasuwa ke biyansa.