Maganin firgita ta wayar salula: yaya abin yake?

Tun daga shekarar 2015 yankin Difa ya sha fama da hare-hare. A 2019 dubban mutane sun gudo daga Zamfara, Sakkwato da Katsina zuwa jihar Maraɗi. A daminar 2024 kuma ambaliya ta rushe gidaje da yawa a ƙasarmu. Samari da ƴan mata da dama sun ga abin da ido ba ya son gani. Raunin jiki ya warke, amma na zuciya yana nan.

Alamomin ciwon

Matashi ba ya samun barci. Yana mugun mafarki. Ƙara kaɗan sai ta razana shi. Yana gudun wurin da abin ya faru. Yana saurin fushi, ko ya ƙaurace wa mutane. Wannan ba hauka ba ne, ba ragwanci ba ne kuma. Jiki ne bai yarda cewa haɗari ya wuce ba. Idan alamomin sun wuce wata 1, ciwo ne da ke bukatar kulawa.

Horon tattara hankali

A 1979 wani masani, Jon Kabat-Zinn, ya shirya wani horo na mako 8 a Amurka. Ana koya wa mutum ya lura da numfashinsa da jikinsa, ya dawo da hankalinsa kan inda yake yanzu. Yau ana samun irin wannan darasi ta intanet. Matashi yana sauraren murya a wayarsa, yana bin umurni, ba tare da kunyar idon jama'a ba.

A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta fitar da ɗan littafi mai hotuna da muryoyi a kan haka. Kyauta ne, akwai shi da Faransanci. An gwada irin darussansa a Uganda, wajen mata kusan 700 ƴan gudun hijirar Sudan ta Kudu. Sun saurari muryar a rukuni, zama 5. Bayan wata 3, damuwarsu ta ragu fiye da ta waɗanda ba su yi ba.

Yadda ake yi

1. Ka zauna inda babu hayaniya.
2. Ka dafa ƙafafunka a ƙasa, ka ji taɓawarta.
3. Ka fitar da numfashi a hankali, ka ja wani a hankali, sau 3.
4. Ka duba kewaye, ka ambaci abubuwa 5 da kake gani.
5. Ka saurara, ka ambaci abubuwa 3 da kake ji.

Idan mugun tunani ya zo, kada ka yi kokawa da shi. Ka ce a ranka: ga tunanin nan ya zo. Sai ka koma kan numfashi. Numfashi a hankali yana rage bugun zuciya, jiki ya lafa. Minti 5 kowace rana ya fi awa guda sau ɗaya a wata.

A yi hattara

Horon nan yana rage nauyi, amma ba ya maye gurbin likita. Wasu idan sun rufe ido sai abin ya dawo musu sabo. Mai irin wannan ya bar idonsa a buɗe. Idan tsoro ya ƙaru, ya dakata.

Da yawa suna farawa a waya, su bari a tsakiya, saboda kaɗaici ko tsadar intanet. Shawararmu ita ce a sauke darasin sau ɗaya, a ajiye a waya. A nemi aboki a riƙa yi tare.

Wanda ya daina cin abinci, ko ya kama shan ƙwaya don ya manta, ko yake tunanin kashe kansa, a kai shi asibiti mafi kusa ba da jinkiri ba.

Iyaye, kada ku ce wa yaro ya manta kawai. Ku zauna kusa da shi, ku saurare shi, ku raka shi wajen likita.