Masu haɗa bidiyo a Madawa, Buza da Keita: talabijin ɗin mai biki shi ne alƙali

A kwanakin baya mun halarci wani gida a Madawa inda dangi suka taru domin kallon bidiyon auren wata ƴar uwarmu. Da aka kunna, sai ga sunan amarya an datse masa kai da ƙafa a gefen allo, fuskokin mutane kuma sun yi duhu kamar an ɗauke su da magariba, alhali da hantsi aka ɗaura auren. Uwar amarya ta ce ba za ta biya cikon kuɗin ba. Yaron da ya yi aikin ya rantse cewa a kwamfutarsa komai tsaf yake, kuma da muka bi shi shagonsa muka tarar gaskiya ya faɗa. Laifinsa guda ne, bai taɓa kallon aikin nasa a talabijin ba kafin ya miƙa shi.

Wannan matsala ba baƙuwa ba ce gare mu ma'aikatan rediyo. Duk shirin da muka haɗa, ko ya yi daɗi a manyan lasifikan situdiyo, sai mun sake saurarensa a ƙaramar rediyo irin wadda manomin albasa ke ratayewa a garka, domin kuwa ita ce za ta kai maganar kunnen jama'a. Haka abin yake ga masu montaj, wato matasan nan da suka buɗe shaguna a Madawa da Buza da Keita suna haɗa bidiyon aure da suna da wa'azi da tarukan ƙungiyoyi.

Allon kwamfuta da na talabijin ba jinsi ɗaya ba ne. Tsohuwar talabijin mai ƙoƙo, wadda har yanzu ba ta ƙare a ƙauyukanmu ba, tana cinye gefen hoto ta kowane ɓangare, wasu sababbin ma suna yin haka idan ba a gyara saitinsu ba. Shi ya sa manhajoji irin su Adobe Premiere suke da wasu layuka da ke nuna iyakar inda rubutu zai tsaya, kusan kashi 10 cikin ɗari daga kowane gefe. Sannan akwai batun haske. Kwamfuta tana ƙirga shi daga 0 zuwa 255, bidiyo kuwa daga 16 zuwa 235. Idan biyun suka saɓa, ko dai baƙi ya koma toka-toka, ko kuma duk abin da ke cikin inuwa ya nutse. Ga mu baƙaƙen fata wannan ba ƙaramin abu ba ne, musamman ango da ke sanye da farar shadda a tsakiyar rana.

A farkon shekarun 2000, lokacin da finafinan Kano suka mamaye kasuwanninmu a kaset da faifan VCD, hanyar ta fi sauƙin ganewa. Mai aiki yana haɗa kyamarar MiniDV da kwamfuta ta wayar FireWire, ita kuma kyamarar ta tura hoton zuwa talabijin ta jar waya da fara da rawaya. Abin lura a lokacin shi ne Nijar tana kan tsarin SECAM irin na Faransa, Najeriya kuma tana kan PAL, to amma duka biyun hoto 25 ne a daƙiƙa. Yau FireWire ta ɓace daga sababbin kwamfutoci, HDMI ta maye gurbinta, sai dai lissafin 25 ɗin nan yana nan daram, saboda wutarmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Wayoyin salula galibi suna ɗaukar 30, irin na Amurka, kuma sau da yawa shi ke sa fitilun wurin biki su riƙa ƙyaftawa a cikin hoto.

To me ya kamata mai ƙaramin jari ya saya? A ganinmu, mai bidiyon biki ba ya bukatar wuce kwamfutar da ke da mafitar HDMI mai lafiya, da talabijin matsakaiciya irin wadda abokan cinikinsa suke da ita. A cikin Premiere akwai wurin da ake umurtar manhajar ta tura hoton shi kaɗai, cike da allo na biyu. A sa mafitar a kan 50 maimakon 60 da take zuwa da shi, a kuma fitar da talabijin ɗin daga saitin nan mai ƙyalƙyali da ƴan kasuwa ke sawa don jan hankalin mai saye, a mai da ita na sinima ko na yau da kullum. Wanda yawancin aikinsa na ƙauye ne, ya ƙara da ɗan akwatin da ke juya HDMI zuwa wayoyi uku, ya ajiye tsohuwar talabijin a gefe, kada ya raina ta.

Wanda kuma yake hangen kai aikinsa Télé Sahel ko wata tasha a Yamai, nasa lissafin daban ne. Shi ya dace da kayan kamfanin Blackmagic, mai manhajar DaVinci Resolve tun 2009. Katinsu DeckLink Mini Monitor ana soka shi cikin kwamfutar tebur, yana fitar da hoton kai tsaye ba tare da Windows ta taɓa launinsa ba. Akwai kuma ɗan akwatin UltraStudio Monitor 3G na kwamfutar hannu, amma a yi hattara, sai da mafitar Thunderbolt 3 yake aiki, kuma da yawa daga cikin kwamfutoci na hannu da ake kawowa daga Maraɗi ko Kano ba su da ita, ko da ramin ya yi kama. A gwada a gaban mai shago kafin a ƙirga masa jikkuna.

Wani abin da masu ba da shawara daga Turai ba sa sawa a lissafi shi ne kuran. Ba mu manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta har zuwa farkon 2024. Kwamfutar tebur ta fi ƙarfi kuma ta fi sauƙin gyara, amma in babu ondilar da za ta riƙe ta, ɗaukewar wuta guda na iya tafiya da aikin yini. Ta hannu tana da batirinta, sai dai zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu suna saurin galabaitar da ita. Mu dai da za a tambaye mu, gara a rage kuɗin katin hoto a sayi ondilar da fanka.

Gaskiya ne yanzu ƴan biki da yawa a waya suke kallo, ta WhatsApp ko memori, don haka a tura ɗan guntu a waya ma a duba. Shi kuwa yaron Madawa, ya ɗauko talabijin ɗin ɗakin mahaifiyarsa ya aza kusa da kwamfutar, ya matso da sunan amarya ciki, ya buɗe hasken fuskoki. Kwana biyu ya ƙara a kan aikin kafin Hajiya ta sake kallo ta aiko masa da cikon kuɗinsa.