Haƙƙin Muhalli Tsakanin Falsafar Yamma da Fiƙihun Musulunci

Babbar mas'alar da ta raba kan masana falsafar muhalli ita ce: shin itace da dabba da kogi suna da ƙima a karan kansu, ko kuwa ƙimarsu tana rataye ne da amfanin da ɗan Adam yake samu daga gare su?

Muhawarar ta yi zafi bayan 1967, lokacin da masanin tarihi Lynn White ya wallafa maƙala a mujallar Science yana ɗora wa Kiristancin Yamma alhakin lalacewar muhalli, a bisa hujjar cewa ya koya wa mutum ɗaukar kansa mamallakin halitta. Ana iya jifan Musulunci da irin wannan zargi, tunda Alƙur'ani ya bayyana cewa an hore wa mutum abin da ke sammai da ƙasa. Sai dai horewa daban, mallaka daban. Halifa wakili ne da za a yi wa hisabi, kuma aya ta 38 ta Suratul An'am ta kira dabbobi da tsuntsaye al'ummomi. Izzuddin ɗan Abdussalam, wanda ya rasu a 660 bayan Hijira, ya zayyana haƙƙoƙin dabbobi a kan masu su a littafinsa Ƙawa'idul Ahkam.

Su ma masu fifita halitta ba bakinsu ɗaya ba. Peter Singer, a littafinsa na 1975, ya gina hukunci a kan jin zafi, don haka kowace dabba abar lura ce ita kaɗai. Aldo Leopold kuwa, tun 1949, lafiyar daji baki ɗaya ya sa a gaba. Idan barewa ta yi yawa har tana cinye tsirrai, mai bin Leopold zai yarda a rage ta, alhali wannan zai yi wa mai bin Singer nauyi.

A ganinmu, suka mafi ƙarfi ita ce ta masanin Indiya Ramachandra Guha a 1989. Ya nuna cewa killace daji da sunan kare namun dawa, idan aka kwaso tsarin daga Amurka aka kai ƙasashe matalauta, yakan ƙare da korar manoma da makiyaya daga ƙasarsu. A nan fiƙihu yana da abin cewa, domin ya san hima, wato makiyayar da shugaba yake keɓewa don maslahar jama'a. Imamu Malik da Bukhari sun ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, ya umarci mai tsaron hima da ya shigar da masu 'yan raƙuma da 'yan tumaki, ya hana garken Ibnu Auf da na Ibnu Affan. Dalilinsa shi ne, waɗannan biyu idan dabbobinsu suka halaka suna da gonaki da dabino da za su koma gare su, shi kuwa talaka wurin halifa zai zo da 'ya'yansa, kuma ba shi ciyawa da ruwa ya fi sauƙi a kan ba shi zinariya da azurfa.