Kura: Garin Rini Da Ya Zama Garin Shinkafa

Duk matafiyin da ya bar birnin Kano ya kama hanyar Zariya, da ya yi tafiyar kimanin kilomita 30 zai fara ganin gonaki kore shar dama da hagu, ko da a tsakiyar rani ne. Wannan ita ce ƙasar Kura, a Jihar Kano ta Arewacin Nijeriya.

A da, ba da noma sunan Kura ya fita ba, da rini ne. Marinanta su ne ke rina turkuɗi, masu bugu su buge shi da shuni har ya riƙa walƙiya, fatake su kai wa Buzaye can Agadas. Har yau in aka ce rawani ɗan Kura, dattawa sun san abin da ake nufi. Manoman garin kuwa, kamar na ko'ina, gero da dawa da gyaɗa suke shukawa da damina, in an yi girbi samari su tafi cin rani.

Abin da ya juya al'amarin shi ne madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974, zamanin mulkin marigayi Alhaji Audu Bako. Daga can aka jawo ruwa ta manyan magudanai zuwa Kadawa da Kura, manomi ya sami damar noma sau biyu a shekara: shinkafa da damina, alkama ko tumatir da albasa da rani. Injinan casa suka cika gari, mata suka kama sana'ar turara shinkafa. Tumatirin da ake lodawa a Kwanar Gafan kuwa har kasuwar Mil 12 ta Ikko yake kaiwa, saboda haka matar aure a Agege ma tana da ruwa da tsaki a cikin zancen.

Amma fa arzikin nan ba ya rasa tangarɗa. Tumatir ba ya jiran ciniki; in ya yi yawa sai a ga kwanduna suna ruɓewa a bakin titi. A 2016 wata tsutsa ta afka wa gonaki, har kwando ya gagari talaka a Kudu da Arewa. Kachala kuma takan toshe magudanai, manomin da ke ƙarshen layi ya kwana yana jiran ruwa.

Akwai kuma mutanen Haɗeja da Nguru, waɗanda ambaliyar da ke jiƙa musu fadamu ta ragu tun da aka datse kogin. Su kam, in ana yabon Tiga, ba sa tanka wa.